Ba'iyyar Malam Abdullahin Gwandu

A ƙasar Gwandu, tun daga cikin birnin har zuwa Dalijan da Kambaza da Malisa, da can kudu maso yamma wajen Kalgo, da wuya mutum ya shiga zauren da ake karatun ilimi ya fito bai ji an ambaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, ana haɗawa da addu'ar Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu albarkacinsa. Idan kuwa aka tambayi almajiri abin da wannan bawan Allah ya bari, nan da nan zai kawo Liya'ut Ta'awili, tafsirin nan nasa da malamai ke komawa gare shi da azumi, ya kawo littattafansa na nahawu da sarfu, wataƙila ya ƙara da cewa shi ne ya ci Birnin Kebbi da yaƙi. Duk wannan haka yake. Amma akwai wata ƙasida tasa ta Larabci mai ƙafiyar harafin ba'un, wadda ya tsara a shekara ta huɗu bayan hijirar Shehu, watau wajen 1807, sa'ad da ya bar rundunar jihadi ya fuskanci gabas, wadda a ganina ta fi dukkan waƙoƙinsa nauyi, ga shi kuwa ita ce mutanen ƙasarsa suka fi ƙarancin ambata, alhali masu binciken tarihi a jami'o'in gida da na waje ba su da abin da suke yawan kawowa daga bakinsa kamarta.

Ba a gane zafin wannan ƙasida sai an san ko wane ne mai ita kafin ya tsara ta. An haifi Abdullahi wajen 1766, Shehu Usmanu ya girme shi da shekara goma sha biyu, kuma a hannun Shehun ya yi mafi yawan karatunsa na farko, kafin ya zaga wajen kawunnansa da sauran shehunai, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, waɗanda daga baya ya jera sunayensu a littafinsa Ida'un Nusuhi. Tun yana saurayi shi ne harshen jama'a a fagen waƙa. Da wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da baitoci yana zargin Shehu da barin maza da mata su haɗu a wurin wa'azi, Abdullahi aka umurta ya mayar da jawabi, ya kuwa mayar a kan karin da ƙafiyar da aka aiko da su, yana kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci ya fi wancan haɗari. Yana nan kuma a Magami wajen 1788, ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa da sallar layya ya yi musu kyauta mai yawa, Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi a maimakonta a ba shi izinin kira zuwa ga Allah, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Saurayin da ya ga wannan da idonsa, ya ga malami ya tura dukiyar sarki gefe a bainar jama'a, ba zai taɓa mance cewa a kan wannan aka ɗora harsashin al'amarin ba.

Da aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne wazirinsa, kuma shi ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda 'yan baka da kibiya, waɗanda dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, suka tarwatsa rundunar Sarkin Gobir Yunfa da barade da 'yan lifidinta. Waƙar da ya yi a kan wannan nasara cike take da murna da izgili ga wanda ya gudu, yana kwatanta ranar da ranar Badar, ba kuwa wanda zai karanta ta ya yi zaton mai ita zai zo ya koka da mutanensa bayan shekara uku. Sai dai abin da ya biyo baya mai tsanani ne. A ƙarshen 1804 aka yi Tsuntsuwa, kusa da Alkalawa, inda malamai da mahardata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Yunwa ta shiga jama'a, abinci ya yi wuya, aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara, daga can Abdullahi ya fito ya ci Birnin Kebbi a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usmanu Masa, jama'a kuma ta sauka a Gwandu. Kafin shekarar ta fita sai ga Alwasa, a nan kusa, tsakanin garuruwan da muke zaune yau, inda Gobirawa da Azbinawa da Kabawa suka haɗa kai suka karya rundunar jama'a, suka biyo ta har bakin Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita. Abin da ya fi ciwo a labarin Alwasa kuwa shi ne abin da ya faru kafin a kai fagen: rundunar ta auka wa garin Kwalde, wanda ke cikin amana da jama'a, ta washe shi, shugabanni suna hani ba mai saurare, har Muhammadu Bello ɗan Shehu da kansa ya shiga haɗari wajen tsawatarwa. A wurin malamai irin su Abdullahi, karyewar da aka yi a Alwasa sakamakon wannan saɓo ne, ba su yi shakka ba.

A nan ne asalin matsalar yake, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Jama'ar da ta fito daga Ɗagel jama'ar karatu ce, mutanen da suka yi shekara ashirin ko talatin suna zama gaban Shehu, suka san hukuncin ganima, suka san cewa ana fid da humusi kafin a raba saura, suka san wanda ya halatta a kama da wanda bai halatta ba. Waɗannan su ne ke shiga sahun gaba domin kwaɗayin shahada, saboda haka su ne yaƙi ya fara cinyewa. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa, galibinsu mayaƙa ne na zuriyoyi dabam dabam da suka shigo bayan an ga alamar nasara, kowane da shugabansa da dalilinsa, wani tsohuwar gaba ce tsakaninsa da sarakunan Haɓe kan jangali da makiyaya, wani yunwa ce ta koro shi, wani kuwa ganimar ce kawai. Ba a iya yaƙi ba tare da su ba, ba a kuma iya tanƙwasa su a kan ƙa'idar littafi cikin shekara biyu. Ga ƙasashe suna ta buɗuwa, ga tutoci ana ta bayarwa, kowane gari da aka ci yana bukatar hakimi da alƙali da limami, masu ilimin da za su riƙe waɗannan muƙamai kuwa suna kwance a Tsuntsuwa da Alwasa. Wazirin da ke kallon wannan kullum, wanda kuma ɗabi'arsa ta masanin fiƙihu ce mai son kowane abu ya zauna inda nassi ya ajiye shi, dole ransa ya ƙuntata.

Ya ba da labarin fitarsa da kansa. Runduna ta tashi za ta Alkalawa, yana cikinta, sai Allah Ya jefa masa tunanin ya bar ƙasa da 'yan'uwa ya nufi Madina wajen Fiyayyen Halitta, saboda abin da ya gani na sauyawar zamani, da karkatar abokan tafiya zuwa ga duniya, da ja-in-ja a kan mulki da dukiya da girma, da sakaci da masallatai da makarantu. Ya kuma ƙara wata magana wadda masu kawo ƙasidar sukan tsallake, ita ce kuwa mabuɗinta: ya ce ya san shi ne mafi sharrinsu, kuma abin da ya gani ga waninsa ba zai bar shi ya tsira ba. Wani zai ce wannan tawali'u ne irin na sufaye, wanda aka saba ji a bakin kowane malami. Ni ina ganin ya wuce haka, domin mutumin da ke riƙe da wazirci, wanda ganima ke bi ta hannunsa, wanda ake kawo wa gaisuwa, ya fi kowa sanin yadda zuciya ke sabawa da abin da ta ƙi jiya. Ya shiga daji da mutum biyar, suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga ko sawunsa ba sai sawun giwaye, kuma a cikin wannan tafiya ƙasidar ta zo masa.

Ta buɗe da kukan rashin abokai, waɗanda suka riga shi, da kaɗaicin wanda aka bari cikin mutanen da bakinsu da aikinsu ba su jitu ba. Daga nan ta shiga lissafa laifuffuka ɗaya bayan ɗaya, ba kwana-kwana, kamar mai gabatar da ƙara gaban alƙali: jahilcin da ba ya tambaya, yanke zumunta, watsi da wuraren ibada da na karatu, neman sarauta domin daɗinta, farfaɗo da laƙabobin sarakunan da aka yaƙa, ɗora jahilai a kan manyan muƙamai, tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, kiwon dawakin da amfaninsu sukuwa a gari, cin ganima da rashawa da kyautar neman alfarma, shagala da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, sayar da 'ya'ya a kasuwa, da alƙalan da rigar shari'a kawai suke saye da ita. Sa'an nan ta juya, muryarta ta sauka, zuciyar mawaƙin ta tashi zuwa Madina, yana begen isa inda zai huta da ganin wannan. Wanda ya san Kitabul Farƙi, littafin da ake dangantawa ga Shehu, inda aka jera al'adun mulkin sarakunan da jihadi ya tashi domin kawarwa, zai ga cewa jerin nan biyu sun kusa zama ɗaya. Bambancin kawai shi ne wancan an rubuta shi a kan abokan gaba, wannan kuwa a kan mutanen da ake sallah sahu ɗaya da su.

Ta fuskar sana'ar waƙa, Abdullahi bai ƙago wannan hanya ba, kuma bai yi da'awar haka ba. Kukan lalacewar zamani tsohon babi ne a adabin Larabci, kuma duk almajirin da ya karanta waƙoƙin jahiliyya zai ji amon Labidu ɗan Rabi'a a mabuɗin ƙasidar, baitin nan nasa na makokin ɗan'uwansa Arbadu inda yake kukan tafiyar mutanen kirki da zamansa cikin na baya, wanda aka ruwaito Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan maimaita shi tana mamakin abin da Labidu zai ce da ya ga nata zamanin. Shi ma ƙafiyarsa ba'un ce. Abdullahi ya ɗauki wannan tsohon kuka ya zuba shi a bahari Ɗawili, mai dogon numfashi, da luggar nan tasa mai tsauri wadda ko malami sai ya riƙa leƙa Ƙamus. Amma galibin masu kukan zamani sukan yi shi ne a dunƙule, suna zargin duniya da dahari, abin da ba ya ɓata wa kowa rai domin ba wanda aka nuna. Shi kuwa ya ambaci dawaki da riguna da muƙamai da kasuwar bayi, abubuwan da kowane mai sauraro a Gwandu ya san gidan da suke. Zaɓen Larabci ma yana da ma'ana, domin da ya so talakawa su ɗauka su yi ta rerawa a kasuwa da ya yi ta da Hausa ko Fulatanci, harsunan da ya iya waƙa da su. Ya nufi malamai ne, waɗanda yake ganin alhakin gyara a wuyansu yake.

Bai kai Madina ba. Da ya isa Kano, wadda jama'a ba su daɗe da ci ba, zamanin Sarki Sulaimanu, sai mutanenta suka tsare shi suka ce ba ya wucewa sai ya koya musu yadda ake tsayar da addini, shi kuwa ya duba ya ce musu abin da ya gudo dominsa shi ne ya tarar a wurinsu. Duk da haka ya zauna. Ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya tsara hukunce-hukuncen hijira da naɗin shugaba da wazirai da alƙalai da jihadi da siyasar shari'a, wanda ya zama madogarar alƙalai da sarakuna a daular har ƙarshenta. Ya faɗa cewa sun tuba, sun farfasa kayan kiɗan da ya tarar a hannunsu, har kututturan gangunan suka mayar da su kwamin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya juyo gida, kuma a watan Oktoba na 1808 Alkalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Wannan komowa tana cikin ma'anar ƙasidar, duk wanda ya raba su ya karanta rabi. Da Abdullahi ya wuce ya rasu a Hijaz, da ƙasidar ta zama wasiyyar wanda ya wanke hannunsa, mai daɗin ji, marar nauyi a kan kowa. Amma ya dawo cikin mutanen da ya zarga, ya ci gaba da jan runduna zuwa ƙetaren Kwara, ya ci gaba da hukunci, ya kuma mayar da abin da ya faɗa da waƙa ya zama mas'alolin fiƙihu, yana jayayya a kansu a rubuce, har da yayansa kuma shehinsa. Shehu, a littattafansa na wannan lokaci irin su Misbahu li Ahli Hazaz Zamani da Najmul Ihwani, ya ɗauki hanyar sauƙaƙawa: ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan wasu kayan kiɗa, da sa tufafin ƙawa ga shugabanni domin kwarjini, da kiran shugaba da laƙabin sarauta, kuma abin da aka yi saɓani a kansa ba a tsananta inkari a kansa. Abdullahi, a Liya'us Sulɗani, ya tsaya a kan tsanantawa, yana tsoron cewa in aka buɗe ƙofar suna, al'adar da ke bayan sunan za ta biyo. Dukansu biyu suna da hujja, kuma ladabin da suka yi saɓanin da shi abin koyi ne. Shehu yana duban jama'ar da za ta watse in aka matsa mata, ƙanensa yana duban abin da za ta zama in aka sake mata. Tarihi dai ya nuna jama'ar ba ta watse ba, ya kuma nuna cewa Galadima da Magaji da Ubandawaki da tambari da algaita duk sun dawo fada kafin ƙarni ya raba.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da ƙasidar shi ne inda mai ita ya ajiye ta. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, wanda a lokacin yake zaune a Boɗinga kusa da Sifawa. A 1813, yana kan wannan matsayi, ya tattara waƙoƙinsa a littafi ɗaya, Tazyinul Waraƙati, yana gabatar da kowace da bayanin dalilin tsara ta, har littafin ya zama tarihin jihadi daga bakin wanda aka yi da shi. Ba wanda zai zarge shi da ya bar ba'iyyar a waje, ya ce zafin rai ne na 'yan kwanaki, ya wuce. Sai ya sa ta a tsakiya, tsakanin waƙoƙin nasara da na makokin shahidai, tare da labarin gudunsa, domin duk wanda ya kwafi waƙar Kwatto dole ya kwafe ta. Ta haka ta rayu: magatakarda suna juya ta da alƙalamin kara da tawada, tana tafiya cikin gafaka daga zaure zuwa zaure, malami yana ja almajiri yana bi, ana fassara ta gaɓa gaɓa da Hausa ko Fulatanci.

Sauran rayuwarsa sananniya ce. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, kuma ruwayar da ta shahara ita ce Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya ya nufi Gwandu. Suka yi 'yan shekaru ba su jitu ba, har ragowar mutanen Abdussalami, malamin da ya yi wa Bello tawaye, suka taru a Kalambaina, nan kusa da Gwandu, suka gagare shi, Bello ya kawo gudummawa aka ci garin, a nan baffa ya gai da ɗan ɗan'uwansa da sarautar Musulmi. Bayan haka ya janye jiki daga harkar mulki, ya bar ta a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa har ya rasu a Gwandu a 1829, inda hubbarensa yake.

Gādon ƙasidar ya fara bayyana ne a cikin gidansa. Ɗansa Halilu, wanda ya riƙe Gwandu daga 1833 zuwa 1858, lokacin da Nufe da Ilori da Yawuri da ƙasashen Gurma har Liptako ke kawo gaisuwa, ya shahara da zuhudu da ƙin fitowa, har matafiyin nan Bajamushe, Barth, da ya sauka a Gwandu a 1853, bai sami ganinsa ba, ya rubuta cewa zamansa ya fi kama da na mai halwa, ya kuma koka da yadda masu shiga tsakani suka matsa masa da neman kyauta. Wannan hoto yana da ban tausayi, domin ya nuna rabin ƙasidar ya tabbata a jikin sarki, ɗaya rabin kuma a ƙofar gidansa. Ga shi a lokacin Kabawa sun sake tashi a Argungu ƙarƙashin Yakubu Nabame tun 1849, hanyoyi sun yi tsanani, ƙauyukan da ke tsakanin Gwandu da gulbi suna kwana da shirin hari. A wannan zamani ne Modibbo Raji ɗan Ali, almajirin Abdullahi kuma surukinsa, wanda ya yi alƙalanci a Gwandu, ya maimaita abin da malaminsa ya yi kusan ƙafa da ƙafa: ya ga al'amura sun sauya, ya koka da su a waƙa, ya ɗaura niyyar gabas, shi ma bai kai ba, mutanen Adamawa suka riƙe shi, ya zauna a Yola yana karantarwa har ya rasu. Shi bai komo ba. Tunanin nan na cewa in ƙasa ta ɓaci mumini ya fuskanci alƙibla ya tafi, ya daɗe yana yawo a daular, har shugabannin Sakkwato suka riƙa rubuce-rubucen kwantar da hankalin masu son tashi, kuma shi ne ya kwashi dubban mutane bayan Sarkin Musulmi Attahiru da Nasara suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, tafiyar da ta ƙare a Burmi a watan Yuli. Ba na cewa ƙasida ɗaya ce ta haifar da wannan duka, domin akwai hadisan ƙarshen zamani da jiran Mahadi a ciki. Amma ita ce ta fara nuna cewa babba a cikin jama'a yana iya yin haka.

Bayan rikicin Satiru na 1906 Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu da ke kai, suka naɗa Haliru, hedikwatar masarauta ta tabbata a Birnin Kebbi, garin da Abdullahi ya ci shekara ɗari da ɗaya kafin haka, ita kuwa Gwandu ta koma garin hubbare da malamai. A ƙarni na ashirin ƙasidar ta sami sabuwar rayuwa ta wata hanya. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, kowane ɓangare ya koma ga littattafan masu jihadi yana neman hujja: Sardauna da mutanensa suna tsaye a kan gādon daula da haɗin kanta, suna ƙarfafa buga littattafan, su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, suna cewa abin da Shehu da ƙanensa suka zarga shi ne ake yi a fadoji da kotunan En'e. An buga Liya'ut Ta'awili a Alƙahira a 1961, sa'an nan a 1963 Mervyn Hiskett ya fitar da Tazyinul Waraƙati a Ibadan, da matanin Larabci da fassarar Ingilishi, daga nan baitocin suka shiga kusan kowane littafin tarihin daular Sakkwato. Abin takaici ne, amma gaskiya ne, cewa ɗalibi a Landan ya fi samun sauƙin karanta ta fiye da jikan wanda aka yi Alwasa a gonarsa.

Mutane biyu ne ke yi mata mummunar fahimta. Na farko shi ne wanda ke ɗauko ta da murna ya ce to ga shi, mai gida da kansa ya shaida jihadin neman duniya ne. Wannan bai karanta littafin da take ciki ba, domin mutumin da ya rubuta ta bai taɓa shakkar halaccin abin da aka tashi a kansa ba, kuma da ma'aunin jihadin yake auna masu jihadin. In da babu wannan ma'auni da ba shi da abin kuka. Na biyu shi ne wanda ke jin kunyarta, yana ganin ambatonta rashin ladabi ne ga magabata, ya fi son a tsaya ga karamomi da nasarori. Wannan ya fi na farko kusa da mu, kuma laifinsa ya fi girma, domin yana ɓoye abin da mai shi ya bayyana da gangan, yana nuna ya fi Abdullahi kishin mutuncin jama'ar Shehu. Magabatan nan ba su bukatar a kāre su daga maganarsu. Daular da wazirinta ya iya rubuta irin wannan, ya sa hannu, aka kwafa, ba a kama shi ba, ba a ƙone takardar ba, har aka ba shi rabin ƙasa bayan haka, ta bar abin da ya fi ganuwa da hubbare daraja.

Ba zan ɓoye ba, akwai wurin da ni ma ba na bin Malam har ƙarshe. Tsananinsa a kan kiɗa bai zauna a ƙasar Hausa ba, kuma da ya zauna da mun rasa taskar harshe mai yawa, domin makaɗan fada da kotso da taushi su ne suka adana mana kirari da salsalar gidaje da Hausar da ba a rubuta ba. Yau in an yi hawan sallah, da tambari da algaita ake yabon zuriyarsa, ana kiransu jikokin Mai Boɗinga, kuma ba na jin akwai mai ganin haka a matsayin ridda. Amma kiɗa shi ne mafi ƙanƙanta a jerin nasa. Naɗa wanda bai cancanta ba, cin rashawa, alƙalin da ke sayar da hukunci, makarantar da aka bari ta rushe ana gyaran bargar doki, waɗannan ba mas'alolin saɓani ba ne a kowace mazhaba, kuma ba wanda zai ce sun tafi tare da ƙarni na goma sha tara.

Sunan Abdullahi Fodiyo yana kan fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi, yana kan babban ɗakin karatu na jami'ar Sakkwato, yana kan makarantu da tituna tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 da bayan haka. Abin da ya rage shi ne a ji muryarsa. Ina roƙon malamanmu na zaure a Gwandu da Dalijan da Kalgo, waɗanda har yanzu akwai masu riƙe da kwafin Tazyinul Waraƙati a cikinsu, su mayar da shi cikin littattafan da ake ja wa manyan almajirai, kada su tsallake ba'iyyar in an zo kanta; ina kuma roƙon masana Larabci da Hausa na jami'o'inmu su zauna da waɗannan malamai su fitar da ita da Hausa, a waƙe, da sharhinta, a boko da ajami, a sa ta a manhajar makarantun jihar.